Ruk ɗina biyu suna kwana a lungu, yaya zan sa su aiki?

"Malam, na yi kamar shekara ɗaya da rabi ina buga wasan darar ces (chess), galibi a waya, wani lokaci kuma da abokai bayan la'asar. Na iya fito da doki da bishop, ina kuma yin kasul (takun da sarki da ruk ke ƙetare juna, sarki ya fake a gefe) da wuri kamar yadda aka koya mini. Amma ruk ɗina biyu sai su zauna a baya har a cinye ni ban taɓa su ba. Ran da na ce bari in fito da ɗaya da wuri, na tura sojan gefe na bi bayansa, nan take bishop ya cinye shi. Ko na kai ƙarshen wasa da rarar soja ɗaya, in dai ruk ne ya rage mana, sai a tashi kunnen doki, wani lokaci ma ni ne a ƙasa. An ce ruk maki 5 ne. Ni ban ga makin nan a wasana ba. Ina matsalar take?"

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, tambaya biyu ka ƙulle a ƙulli ɗaya. Ta farko, yadda za a fito da ruk, ɗan nan mai siffar hasumiya da ke tafiya miƙe gaba, baya ko gefe, ya shiga faɗa a tsakiyar wasa. Ta biyu, abin da za a yi da shi idan allo ya yi fayau, sai sarki da ruk da 'yan sojoji. Tushensu kuwa ɗaya ne, kuma zan faɗa maka shi tun yanzu: ruk ba ya share wa kansa hanya. Doki tsalle yake yi, bishop kuwa da an ɗaga masa soja ɗaya ya samu ƙofa. Shi ruk tirela ce, in babu titi tana nan a tasha da kayanta. Masu gina titin su ne sojojinka. Yawancin waɗanda ke kawo mini kukan ruk, idan na duba wasanninsu sai in tarar sojojinsu ne ba su taɓa cin karo da na abokin karawa ba.

Domin mu riƙa fahimtar juna: layukan da ke tafiya daga gabanka zuwa gaban abokin karawa, masu harufa a zuwa h, zan kira su layi. Waɗanda ke kwance, masu lamba 1 zuwa 8, zan kira su sahu.

Makin nan 5 ba ƙarya ba ne. Ka ɗora ruk a allon da babu kowa, duk gidan da ka ga dama, ko a lungu ko a tsakiya, gida 14 yake gani. Bishop yana ganin 13 a tsakiya, ya koma 7 a gefe. Doki yana ganin 8 a tsakiya, 2 kacal a lungu. Ruk da sarki su kaɗai suna iya yi wa sarkin da ya rage shi kaɗai cekmet, wato harin da sarki ba shi da mafita daga gare shi, kuma ba ya wuce taku 16 in an buga daidai, abin da doki ɗaya ko bishop ɗaya ba za su taɓa iyawa ba. Sai dai ka lura da sharaɗin: allon da babu kowa. A farkon wasa ruk ba shi da gida ko ɗaya da zai taka. Ƙarfinsa bashi ne da allo ke biya a hankali, gwargwadon yadda sojoji ke raguwa.

Wani ɗan tarihi, don yana da daɗi. Sunan daga Farisanci ya zo, rukh, karusar yaƙi ke nan. A tsohon shaɗaranji na Farisawa da Larabawa shi ne ɗan da ya fi kowa ƙarfi, don a lokacin wanda muke kira sarauniya gida ɗaya yake takawa a karkace. Sai a ƙarshen ƙarni na 15, a Sifen, aka ba sarauniya ƙarfin da take da shi yau. Tafiyar ruk kuwa ba ta canza ba. A Borno ma an buga irin tsohon wasan nan a fada, da sunan tsatsarandi, kuma Kaigama suke ce wa ruk, wato shugaban rundunar yaƙi.

Titi kafin mota

Abin da ya same ka da ka tura sojan a, ka hau da ruk gidan a3, darasi ne da kusan kowa ya saya da kuɗinsa. Da Baƙi ya tura sojan e, bishop ɗinsa na f8 yana kallon a3 kai tsaye. Ka ba da maki 5 ka karɓi 3. Ko da ba a cinye shi ba, ruk a tsakiyar cunkoso abin tausayi ne: kowane soja da doki sai su kore shi, shi kuma ba zai tsaya musaya da su ba don ya fi su tsada. Saboda haka ruk shi ne na ƙarshe wajen fitowa, kuma fitowarsa ta farko ba gaba yake yi ba, gefe yake matsawa cikin sahunsa na baya.

Matakin farko ka riga ka iya rabinsa. Ka fitar da dawakai da bishop-bishop, ka yi kasul, ka ɗaga sarauniya daga sahun baya, har ya zama babu komai tsakanin ruk ɗinka biyu, kowanne yana kare ɗan'uwansa. Ni ina gaya wa ɗalibaina cewa ba a gama buɗe wasa ba sai ruk biyu sun ga juna. Tunda an zo kan kasul, ga wani abu da ke rikita mutane: sarki ne aka hana yin kasul yana cikin cek, wato ana harinsa, ko ya ratsa gidan da ake hari, ko ya sauka a kansa. Ruk bai shiga wannan doka ba. Ko ana harinsa, ko zai ratsa b1 da ake hari a kasul na dogon gefe, wato gefen sarauniya, ya halatta. Kada ka ji kunya in ba ka sani ba, Viktor Korchnoi da kansa ya tashi ya tambayi alƙalin wasa wannan a karawarsa da Anatoly Karpov a 1974.

Mataki na biyu shi ne wanda nake jin ya kuɓuce maka. Ka tambayi kanka: wane layi ne ya buɗe, ko wanne zan iya buɗewa? Buɗaɗɗen layi shi ne wanda babu soja a kansa, naka ko nasa. Akwai kuma mai rabin buɗewa, wanda sojanka ya bar shi amma nasa yana nan, ya zama abin hari. Galibi layi ba ya buɗewa sai soja ya ci soja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kai ne za ka tsaga shi. Ɗauki buɗewar Italiya da yawancin masu koyo ke bugawa: e4 da e5, doki f3, bishop c4. Idan ka tura c3, ka sa ruk a e1, daga baya ka tura d4 aka yi musaya ka rama da sojan c, to layin c ya zama naka, ruk ɗin a1 ya samu aiki a c1. A kariyar Sisiliya kuwa tun taku na 3 ake raba gado: Fari ya tura d4, Baƙi ya ci da sojan c, sai Fari ya samu layin d, Baƙi ya samu layin c. Shi ya sa za ka ga ruk ɗin Baƙi kusan kullum yana c8, na Fari yana d1. Babu wanda ya haddace wannan don ado, sojoji ne suka nuna wurin.

Idan kana son ganin wannan a wasa ɗaya gajere, nemi wanda Paul Morphy ya buga a gidan opera na Faris a 1858 da wasu manyan masu sarauta biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard, da suka haɗa kai a kansa. A taku na 12 ya yi kasul na dogon gefe, ruk ya faɗo daidai kan buɗaɗɗen layin d. A na 13 ya ba da wannan ruk ɗin a d7, a na 14 ya kawo na biyun d1 ya maye gurbinsa. A na 16 ya ba da sarauniya, a na 17 ruk ya sauka d8, cekmet. Abin da nake so ka kalla shi ne ɓangaren Baƙi a ƙarshen wasan: ruk ɗinsu na h8 da bishop na f8 ba su motsa ko sau ɗaya ba. A lissafin takarda sun fi Morphy kaya nesa ba kusa ba, amma kayan suna cikin sito.

Wanne daga cikin biyun za a kawo? Masu sharhi suna da tsohuwar zolaya cewa duk wanda ka zaɓa, ɗayan ne daidai. Dabarar da nake bi ita ce in hango inda nake so su biyun su tsaya nan da taku biyar, sannan in motsa wanda ba zai toshe ɗan'uwansa ba. In ina son c1 da d1, na f1 ya tafi d1, na a1 ya zo c1. In ina son d1 da e1, na a1 ya zo d1. Kuskuren da na fi gani shi ne a kawo na a1 zuwa e1 alhali na f1 yana nan, a rufe shi tsakanin sarki da ɗan'uwansa, kuma babu niyyar tura sojan f.

Layi ba masauki ba ne

Aron Nimzowitsch, wanda ya tsara wannan ilimi a rubuce a 1925, ya nuna cewa amfanin riƙe layi shi ne a kutsa ta kansa zuwa sahu na 7 ko na 8. Wannan magana ta warware mini abubuwa da yawa. Na sha ganin yaro ya ɗora ruk a buɗaɗɗen layi yana murmushi, abokin karawa ya ɗora nasa a gabansa, a yi musaya, a sake yi, ruk huɗu su bar allo babu abin da ya faru. Kafin ka yi murnar layi, duba ko akwai gidan shiga. Idan layin d ne, shin d7 a tsare yake? Da me aka tsare shi? Zan iya korar mai tsaron ko in yi musaya da shi? In babu ƙofa ko ɗaya, wataƙila ruk ɗin ya fi amfani a bayan sojan da kake shirin turawa.

Idan ana jayayya a kan layi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka jera ruk biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Alexander Alekhine ya kai abin maƙura a San Remo a 1930, kuma Nimzowitsch ɗin nan ne ya sha dukan: ruk biyu a layin c, sarauniya a bayansu, har yau ana kiran wannan jeri bindigar Alekhine. Wajen taku na 30 Nimzowitsch ya rasa abin da zai taɓa ba tare da wani abu ya zube ba, gaba kura baya sayaki, ya miƙa wuya. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Karpov da Wolfgang Unzicker a gasar ƙasashe ta Nice a 1974. Layin a ya buɗe, ruk na kallon ruk, in aka bar shi musaya za a yi a tashi. Sai Karpov ya cusa bishop ɗinsa a a7, ya toshe layin da kansa. A bayan wannan murfi ya jera ruk ɗinsa a natse, kuma shi kaɗai ke da ikon ɗage murfin ran da ya so. 'Ya'yan Unzicker suka taru a gefen suna gadi, Karpov ya juya ya ci wasan ta gefen sarki.

Me ake nema a sahu na 7? Abu biyu. A nan sojojin da ba su motsa ba suke jere, kuma soja ba ya kare kansa daga gefe. Sannan ruk a nan yana kulle sarki a sahun baya. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa ruk a sahu na 7 ya kai a ba da soja ɗaya dominsa. Idan biyu suka haɗu a can kuwa, ko dai su share sojoji ɗaya bayan ɗaya, ko su yi cekmet, ko aƙalla su samar maka cek marar yankewa ka tsira da kunnen doki.

Akwai wata hanya ta uku, ga wasan da layi ya ƙi buɗewa: ruk ya hau sahu na 3 ya bi ta gaban sojojinsa. Daga e1 zuwa e3, daga nan g3 ko h3, ya tsaya yana kallon sarkin Baƙi. Wannan shi ne abin da ka yi ƙoƙarin yi da sojan a, bambancin kawai lokaci. Ana yin sa bayan an gama fito da kowa, kuma idan sarauniya da wani ɗa suna can suna jiran taimako. Hatsarinsa, in harin bai yi ba, ruk ɗin sai ya maƙale a gaban sojoji kamar motar da ta shiga lungun da ba shi da mafita.

Kuma duk ran da ruk ya bar sahun baya, ka waiwayi sarkinka. Ni wannan da jikina na koye shi. A wata gasa, shekarun baya, na samu wani yaro da bai kai shekara sha biyar ba, na fi shi da doki sukutum. Na kwashi ruk ɗina biyu na kai su sahu na 7 ina lissafin sojojin da zan ci, har na fara tunanin abokin karawa na gaba. Sarkina na g1, sojojin f2 da g2 da h2 suna gabansa ba wanda ya motsa. Yaron bai ko ɗaga kai ba, ya zuro ruk ɗinsa e1, ya danna agogo a hankali. Na daɗe ina kallon allon ina neman gidan da babu shi. Taku ɗaya na h3, wanda da na samu sarari sau biyar in yi shi, da ya raba ni da wannan kunya. Tun daga ranar, kafin ruk na biyu ya bar gida sai na buɗe wa sarki taga.

Wani lokaci kuma ruk ba ya kai makinsa, sai a sayar da shi. Tigran Petrosian, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1963 zuwa 1969, ya shahara da wannan. A Zurich a 1953, Samuel Reshevsky ya matse shi da sojojin tsakiya, sai a taku na 25 ya ajiye ruk a e6, a bakin bishop, don dokinsa ya samu hanyar zuwa d5. Reshevsky ya ci, dokin ya kafe a d5, babu layin da ruk ɗin Fari za su bi, aka tashi canjaras. Ban ce ka fara rabon ruk gobe ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa ko a wajen manya, darajar ruk tana bin yawan titin da ke allon.

Inda ake zubar da rarar soja

Yanzu tambayarka ta biyu. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Ƙarshen wasa na ruk da ruk shi ne wanda ya fi kowanne yawan faruwa, don su ne na ƙarshe wajen fitowa, su ne kuma na ƙarshe wajen barin allo. Shi ne kuma wanda rarar soja ɗaya ta fi yawan kasa kai mutum ga nasara. Misali, soja huɗu da uku duk a gefe ɗaya, in mai kariya ya san aikinsa, galibi kunnen doki ne. Saboda haka wasu daga cikin wasannin da kake cizon yatsa a kansu wataƙila dama ba na ci ba ne. Waɗanda ka faɗi kuwa, ina kyautata zaton cewa ruk ɗinka ka mayar mai gadi.

Wannan shi ne babban laifi. An kawo wa sojanka hari, ka ja ruk baya ya tsaya yana tsaronsa, daga nan ya zama ɗaurarre, abokin karawa ya kawo sarkinsa a natse ya yi abin da ya ga dama. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Sau da yawa gara ka bar sojan ya tafi, ka kai ruk bayan sojojinsa kai ma ka fara ci. Kalli abin da José Raúl Capablanca ya yi wa Savielly Tartakower a New York a 1924. Sojoji biyar-biyar ne, ruk ɗin Capablanca na h7 ya kulle sarkin Baƙi a sahun baya, na Tartakower kuma yana harin sojan c3. Kowannenmu da ya nemi hanyar kare shi. Capablanca ya taka sarki g3, ya bar c3 aka ci da cek, ya wuce h4, ya tura soja g6, ya bar f4 ma aka ci da cek, ya wuce g5, ya shiga f6. Soja biyu ya zubar. Kuma lura, bai tsaya cin sojan Baƙi na f5 ba a lokacin, ya bar shi a bayansa ya zama masa garkuwa daga cek. Da sarki da ruk da sojan g suka haɗu a kan sarki ɗaya, sai ya dawo ya kwashe sojojin Tartakower da riba. Na fi shekara goma ina nuna wannan wasa, kuma har yau idan na tsayar da allo a taku na 35 na ce a zaɓa, da wuya a samu yaro ɗaya da zai bar c3.

Ƙa'ida ta biyu ta Siegbert Tarrasch ce, likitan nan Bajamushe: mazaunin ruk bayan sojan da ya tsallake, wato wanda babu sauran sojan abokin gaba da zai tare shi, naka ne ko nasa. Dalilin a fili yake. In kana bayan naka, duk takun da ya yi gaba filinka na ƙaruwa, na wanda ya tare shi ta gaba yana raguwa. Da wannan Alekhine ya karɓe kambun duniya daga hannun Capablanca a wasa na 34 a Buenos Aires a 1927: ruk ɗinsa na bayan sojan a, na Capablanca ya maƙale a gabansa yana tare hanya, sarkin Alekhine ya samu 'yancin yawo. Ƙa'idar tana da togaciya, wani lokaci tsaro daga gefe ya fi, amma a matakinka ka bi ta tukuna.

Ga wani tarko da ke fitowa daga nan, ka riƙe shi. Sojanka na a7, ruk ɗinka na gabansa a a8, ruk ɗin Baƙi na bayansa a a1. Sarkin Baƙi ba shi da wurin zama lafiya a wancan gefen sai g7 ko h7. In ya kuskura ya tsaya f7, sai ka kai ruk h8. Ya ci sojan a7, ka ba da cek a h7, ka soke sarki da ruk a tsinke ɗaya kamar tsire. Idan kai ne mai kariya, yanzu ka san inda za ka ajiye sarkinka.

Sai matsayi biyu da babu makawa sai an haddace su, kamar yadda ake haddace jadawalin sau. Na farko na mai neman ci ne, ana kiransa da sunan Lucena, ko da yake a littafin Alessandro Salvio na 1634 aka fara ganinsa. Jera shi a allonka: sarkin Fari b8, soja b7, ruk c1, sarkin Baƙi d8, ruk a2. Sarkinka ya toshe sojansa, in ya fito cek zai yi ta sha daga baya. Ka ba da cek a d1, sarkin Baƙi ya matsa e7. Sai takun da ba ya zuwa wa mutum da kansa: ruk zuwa d4. Daga nan sarki ya fito c7, a ba shi cek ya je b6, a sake ya je c6, a sake ya sauko b5, a sake ba shi cek a layin b, sai ruk ya shigo b4 ya tare. Cek ya ƙare, soja ya zama sarauniya. Ana ce wa wannan gina gada.

Na biyu na mai kariya ne, na François-André Philidor, daga 1777. Sarkin Fari d5, soja e5, ruk h7. Sarkin Baƙi e8, a gaban sojan, ruk a6. Baƙi ya bar ruk ɗinsa yana kai da komo a sahu na 6, ya hana sarkin Fari hawowa. Da zarar Fari ya gaji ya tura soja e6, ruk ya zarce ƙasa a1 ya fara cek daga baya. Sarkin Fari ba shi da inda zai fake, don gidan da zai ɓuya a ciki sojansa ya riga ya zauna. Wanda bai san wannan ba sai ya ajiye ruk a sahun baya kusa da sarkinsa, yana ganin tsaro ne, a nan ake binne shi. Idan ka san waɗannan biyu, ka san inda kake tuƙa wasan tun da sauran sojoji shida a allo: mai rara yana neman yanke sarkin abokin karawa da ruk, ya hana shi zuwa gaban sojan, mai kariya yana gudu ya isa can.

Abu na ƙarshe a wannan babi, musayar ruk. Mai ƙarancin soja ya yi hattara da ita ƙwarai, don ƙarshen wasa na sarki da sojoji zalla ba ya yafiya. A Singafo, ranar 12 ga Disamba 2024, wasa na 14 na gasar kambun duniya yana tafiya kunnen doki, Ding Liren, mai riƙe da kambun a lokacin, yana ƙasa da soja ɗaya amma matsayinsa na riƙuwa ne. A taku na 55 ya kawo ruk f2 ya nemi musaya, ya manta bishop ɗinsa na lungun a8 inda za a tilasta masa musayar shi ma. Abokin karawarsa Gukesh ya ci ruk, ya kawo bishop d5, allo ya koma sarki da sojoji, kambu ya tafi Indiya a hannun ɗan shekara 18. Kafin ka miƙa ruk, ka ƙirga abin da zai rage har ƙarshe, taku bayan taku.

Abin da zan ce ka yi

Ban ga wasanninka ba, duk abin da na faɗa a kan alamomin da ka bayar na gina shi, kuma ni mai koyarwa ne a matakin makaranta da kulob, ba gwanin duniya ba. Akwai matsayin da kwamfuta za ta karya kowace ƙa'ida da na lissafa, ta kuma yi daidai. Amma ga abin da na ga yana yi wa ɗalibai aiki. Ka jera Lucena da Philidor a Lichess, dandalin buga ces na intanet, kyauta ne, ka buga su da kwamfuta ta ɓangarorin biyu har hannunka ya riƙa yi ba tare da tunani ba. Minti goma a rana na mako biyu ya isa. Dandalin yana da rumbun da ke ba da hukuncin ƙarshe na duk matsayin da 'ya'yansa ba su wuce 7 ba, saboda haka duk ƙarshen wasan da ka zubar kana iya ganin daidai takun da ci ya koma kunnen doki. Ka kuma rage wasan minti uku, ka riƙa buga na minti 15 zuwa sama, don ba a koyon ruk da gudu.

Sannan ka ɗauko wasanninka goma na baya, a kowanne ka rubuta lamba biyu: takun da ruk ɗinka suka fara ganin juna, da takun da sojanka ya fara cin soja ko aka ci shi. Ka turo mini uku daga cikin waɗanda lambobin suka fi nisa, da ɗaya da ka faɗi kana da rarar soja, mu zauna a kansu.